Ranar da Baffa ya karɓi ganga a Kuala Lumpur

Baffana ba yawon buɗe ido ne ya kawo shi Kuala Lumpur ba, mayafai ya zo saro. Ya fi shekara talatin yana da shago a Kantin Kwari, ya yi Dubai ya yi Guangzhou, sai wani maƙwabcinsa ya ce masa idan yana son mayafi mai laushi wanda ba ya koɗewa, ya leƙa Malesiya. Zuwansa ya dace da hutun ƙarshen zango a jami'ar da nake karatu, can arewa a jihar Kedah, kusa da iyakar Tailan. Sai na ɗauko maiɗakina da 'yarmu Ummi mai shekara bakwai, muka kwana a bas, muka wayi gari a birni. Ni ne tafinta, ni ne ɗan dako, ni ne kuma mai lissafin canji. A haka muka kira abin hutu.

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a wani lungu bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin da kowa ke taƙaitawa ya ce Jalan TAR. Duk Bahaushen da ya taɓa zama a birnin nan ya san shi, ko don yadi da mayafai, ko don kasuwar daren Asabar, ko don kantin Sogo. A zamanin Turawa Batu Road ake ce masa, daga baya aka sa masa sunan sarkin ƙasar na farko bayan samun 'yancin kai a 1957, wanda hotonsa ke jikin kowace takardar ringgit. Ba shi ne firaministan farko ba, Tunku Abdul Rahman. Sunayen ne suka yi kama, ni ma na daɗe ina haɗa su. Baffa ya so titin tun ranar farko, ya ce Kwari ce aka share aka gyara mata magudanai. Kwana uku muna shiga shago muna fita, daga wajen Masjid India har mu dangana da Chow Kit, yana murza yadi tsakanin yatsu biyu, yana ɗaga shi sama ya kalli haske ta cikinsa, yana taya rabin kuɗi ba ko gezau.

A rana ta huɗu maiɗakina ta ce ita fa ba ta ga hutu ba, ɗaurin kaya kawai ta gani. Ta ɗauko wata takarda mai hotuna daga teburin karɓar baƙi: cin abincin dare da kallon raye-rayen gargajiya, a wani zaure da ba shi da nisa da titin. Irin abin nan ne da ake shirya wa baƙi ko'ina a duniya. Wanda ya je Dubai ya san na cikin rairayi, wanda ya je Alƙahira ya san na jirgin ruwa a kan kogin Nilu, an ce mutanen Hawai ma da nasu suka shahara. Ka biya, ka ci ka ƙoshi, a nuna maka ƙasa guda a cikin awa ɗaya.

Na ce yana da tsada, kuma gaskiya ne, kuɗin mu huɗu ya kai cefanen mako. Na ce abin Turawa ne. Na ce Baffa Alhaji ne, mutumin sahun gaba, ba zai zauna yana kallon rawa ba. Baffa yana kishingiɗe yana jan carbi, sai ya ce, "Abba, wa ya aike ka ka yi magana da bakina? Mu je mu gani."

Abba yake kira na saboda sunan mahaifinsu aka sa mini, ba ya iya faɗar sunan gatsal. Kuma a nan ne ainihin dalilin ƙin zuwana yake, wanda ban faɗa ba.

Kakana makaɗi ne. Kalangu yake kaɗa wa mahauta, shi ma gadonsa ya yi. Da shi ya ciyar da 'ya'ya goma sha ɗaya, da shi ya sayi gidan da aka haife ni a ciki. Mahaifina ya yi boko ya zama malamin makaranta, bai taɓa riƙe makaɗi ba. Baffa shi ne ya bi tsoho, yana riƙe masa ɗan karɓi tun yana yaro, har ya kai ga ɗaukar babban kalangu, kafin ya ajiye ya shiga kasuwa bayan rasuwar tsohon. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Muna sa Shata a mota mu yi ta kaɗa kai daga Kano har Abuja, Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba shi digirin girmamawa, amma je ka nemi auren 'yar wani ka ce kai jikan mai kaɗa kalangu ne. Ni na je. Shekara biyu muna tare da yarinyar, aka kai gaisuwa, danginta suka yi binciken asali, aka dawo mana da kayanmu cikin mutunci da kalmomi masu daɗi. Babu wanda ya faɗi dalili, babu kuma wanda bai san shi ba. Daga baya a ɗakin karatu na ci karo da maƙalar da M. G. Smith ya rubuta a 1959 kan matakan daraja a tsakanin Hausawa, na ga inda ya ajiye makaɗa da mahauta, can ƙasa. Ban ji haushinsa ba. Abin da ya tarar ya rubuta.

Da na fito waje sai na sami abin da mutane da yawa ke samu ba su faɗa: wurin da babu wanda ya san gidanku. A Kedah ni ɗalibin digiri na uku ne, ɗan malamin makaranta, har limanci nake yi wa 'yan uwa idan liman ya yi tafiya. Maiɗakina ta sani, iyayenta sun sani suka ba ni, Allah ya saka musu, amma ba maganar da muke yi ba ce. Ummi kuwa ba ta taɓa ji ba. To yanzu a ce in zauna da Baffa a wurin da ake kiɗa? Na san hannunsa. Ko a shago, idan ciniki ya yi sanyi, yatsunsa ba sa zama a kan kanta.

Bayan sallar magariba muka taka da ƙafa. Zauren ya cika da Larabawa da iyalansu, da Turawa, da wata tawaga ta 'yan Sin masu bin wata mata mai ɗaga tuta. Abincin dai ba laifi. Satay tsire ne ƙanana da ake tsomawa a miyar gyaɗa mai zaƙi, Baffa ya ci tsinke ya kai ashirin yana cewa wannan ai yaudara ce, nama bai kai ƙwayar dabino ba. Rendang ya fi burge shi, naman da ake dafawa da madarar kwakwa da kayan yaji har ruwan ya ƙone ya kama jikinsa. Da ya shinshina sambal mai belacan, wato ɗanyen jatan lande da ake ruɓarwa a busar, sai ya yi dariya ya ce ashe su ma suna da daddawarsu. Na taɓa zuwa biki na gaskiya a wani ƙauye a Kedah, abin da suke kira kenduri, inda maƙwabta ke kwana suna yanka albasa suna juya tukwane kamar aikin gayya, kowane baƙo kuma a sallame shi da dafaffen ƙwai a jikin fure. Wannan na zauren inuwar wancan ne kawai. Amma mai yunwa ba ya tambayar asalin tuwo.

Aka rage fitilu. Wani saurayi mai baƙar hula ya fito yana magana da Turanci, yana sa mu tafi tun ba a yi komai ba. Aka fara da zapin, rawar da ta zo da Larabawan Hadramaut ta zauna a jihar Johor, 'yan maza da 'yan mata suna taku a jere cikin natsuwa. Aka yi ta Indiyawa da ƙararrawa a ƙafa, aka yi ta 'yan Sin da mafitai. Sai wani ya fito da gashin tsuntsu a ka da garkuwa a hannu, aka ce ngajat ce ta mutanen Iban na Sarawak, ya ƙare da hura kibiya ta cikin gora ya fasa balan-balan, Larabawa suka yi ta ihu. Aka kawo gorori dogaye ana buga su a ƙasa, masu rawa suna tsallake-tsallake a tsakani, aka jawo wani Bature mai tumbi gora ta kama masa ƙafa. Kowace rawa minti biyar, an yanke mata kai da ƙafa don ta shiga tsari. 'Yan rawar kuwa fuskoki ɗaya ne, su ne Indiyawa, su ne 'yan Sin, su ne mutanen dajin Borneo, kaya kawai suke sauyawa. Ummi ta miƙe tsaye a kan kujera, tana faɗa wa Baffa sunan kowace rawa, don an koya musu a makaranta. "Kaka, wannan joget ce, na iya!" Ya ce, "To amarya, ashe rawa aka kawo ki koya, ni ana can ana ce mini karatu kike."

Ni ina satar kallonsa. Abin mamaki, hannunsa bai motsa ba. Can ya sunkuyo ya ce, "Abba, wannan kiɗan ai na inji ne."

Gaskiyarsa. Daga lasifika yake fitowa. Akwai mutum uku zaune a gefen dandamali da kayan kiɗa, amma yawancin lokaci ado ne, kamar tukwanen furen da ke kusa da su.

Sai wajen ƙarshe saurayin ya ce yanzu za a nuna ɗan yanki na Mak Yong daga jihar Kelantan. Aka kashe lasifika. Wani ya ɗauki rebab, mai kama da gogenmu amma da tsarkiya uku, ya kafa shi a ƙasa. Mata suka zauna a gabansa suna fuskantar sa, ba su tashi ba, yatsu da kafaɗu kawai ke motsi a hankali. Wani tsoho siriri mai farin gashi ya ɗora doguwar ganga mai baki biyu a cinya, wani yaro ya ɗauki ƙaramarta. Mutane suka koma kan wayoyinsu da faranti, don abin ba shi da hayaniya. Baffa kuwa ya ajiye cokali. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya. Bai kalli matan ba ko sau ɗaya, tsohon nan yake kallo.

"Wannan ya gada," in ji shi. "Dubi yadda yake jiran yaron. Ba ya kaɗawa sai ya bar masa gurbi."

Minti biyar ɗinsu ta cika, aka kunna lasifika, aka kira kowa ya hau dandamali a yi joget tare. Ummi ta ja uwarta suka tafi. Da aka watse, ma'aikata suna tattara faranti, sai na ga Baffa ya miƙe ya nufi gefen dandamali. Na bi shi da sauri. "Baffa, dare ya yi, ku zo mu tafi." Ko waiwayowa bai yi ba.

Ya yi wa tsohon sallama, tsohon ya amsa, suka yi musafaha, kowa ya kai hannu ƙirji. Daga nan aiki ya dawo kaina. Malayancina na kasuwa ne da tasha, shi kuma tsohon da karin harshen Kelantan yake magana, wanda su kansu mutanen Kuala Lumpur ke wahala da shi. Yaron ne ya riƙa taimaka mana da Turanci, jikansa ne ashe. Na kira shi Pak Cik, kamar yadda ake kiran sa'an uba. Baffa ya ce in tambaye shi a wurin wa ya koya. Ya ce wurin mahaifinsa, shi kuma wurin nasa. Baffa ya kalle ni, bai ce komai ba. Ya ce in tambaye shi me ya raba shi da garinsu.

Abin da ya ba mu a gutsure, na san sauransa daga karatu. Mak Yong wasa ne da ya haɗa waƙa da rawa da labari, mace ce ke fitowa a matsayin sarki, kuma a ƙauyuka yana da alaƙa da wani salon magani da ake kira main puteri, inda ake kiɗa wa mara lafiya har abin da ke jikinsa ya yi magana. Bahaushe ba ya buƙatar a ce masa wannan ya yi kama da me. Kelantan kuwa jiha ce ta malamai da makarantun allo irin nasu, har kirari ake mata da barandar Makka. Jam'iyyar PAS ta karɓi mulkin jihar a 1990, a 1991 aka hana wasan a bainar jama'a saboda abin da ke cikinsa na tsofaffin al'adu. A 2005 UNESCO ta sa shi cikin fitattun kayan gadon ɗan Adam, alhali a mahaifarsa haramtacce ne. Sai a 2019 aka sassauta, bisa sharuɗɗa. Tsakanin waɗannan shekaru masu wasan da yawa sun bari, wasu sun gangaro birni, inda jami'o'i da hukumomin al'adu da wuraren baƙi irin wannan ke ba su minti biyar.

Da na fassara wa Baffa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ce masa mu ba doka ce ta hana mu ba." Na tsaya. Ya ce, "Faɗa masa mana. Ka ce ni ma ɗan makaɗa ne. Ka ce kai ma."

Ban san kalmar da zan sa ba, ko kuma na sani bakina ya yi nauyi. Na ce wa yaron da Turanci, kakana ma mai ganga ne. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da bakina tun da na bar Najeriya, kuma ga wanda na faɗa wa: yaro ɗan shekara sha biyar da ba zan sake gani ba. Yaron ya faɗa wa kakansa. Tsohon ya yi murmushi, haƙoransa saura kaɗan, ya ɗauki babbar gangar da hannu biyu ya miƙa wa Baffa. Gendang ibu suke ce mata, uwa, ƙaramar kuma gendang anak, ɗa.

Baffa ya tattare babbar riga ya zauna a bakin dandamali. Ya juya gangar, ya ƙwanƙwasa bakin nan ya ƙwanƙwasa wancan, ya matse ta a hammata bisa sabo, sai ya yi dariya. "Wannan ba ta magana, ba ta da tsarkiyar da za a matsa." Kalangu da matsi yake magana, ka matse ya yi sama, ka saki ya sauko, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum. Sai ya ɗora ta a cinya kamar yadda ya ga an yi, ya danna fatar da gindin tafin hagu, ya buga da yatsun dama. Sautin ya ɗan tashi. Ya saki, ya sauko. Ya sake. A karo na uku ya samu abin da yake nema.

Taken kakana ya kaɗa. Ba na mahauta ba, nasa na kansa, wanda yake kaɗa mini ina ƙarami idan na shigo zaure, don ni ne mai sunansa. Na fi shekara ashirin da biyar ban ji shi ba, kuma da an tambaye ni da safiyar ranar da na rantse na manta. Tsohon ya saurara zagaye biyu, ya karɓi ƙaramar gangar daga hannun jikansa, ya shiga cikin guraben da Baffa ke bari. Ba su yi minti uku ba. Masu kwashe faranti biyu suka tsaya, wani mai gadi ya leƙo, shi ke nan 'yan kallon. Ni ina tsaye riƙe da takalman Ummi, ina kallon ƙofa, wai kada wani Bahaushe ya shigo. Wallahi abin da nake yi ke nan, ƙirjina na bugawa da taken, idona na kan ƙofa.

Ba zan ce a daren nan na warware komai ba. Ina da karatun addini daidai gwargwado, na san saɓanin malamai kan kiɗa, na kuma san akwai abubuwa a tsohuwar sana'ar gidanmu, na roƙo da zuga da zambo, waɗanda ba zan so ɗana ya yi ba. Amma na san ba wannan ne ya sa aka dawo mana da kayan gaisuwa ba, don gidan da suka ƙi ni da kiɗa aka kai 'yarsu ɗaki. Kuma ba fatawa ce ta sa nake kallon ƙofa ba.

A hanyar komawa an rufe shaguna, titin ya yi tsit in ban da masu tura amalanken shara da 'yan babura. Muka wuce tsohon gidan sinima na Coliseum. Ummi tana riƙe da hannun Baffa. "Kaka, a wace makaranta ka koya?" Ya ce, "Tambayi babanki, amarya. Sunan malamin gare shi." Ta juyo tana kallo na. Na ce mata gobe. Ta ce ita yanzu take so. Sai na faɗa mata, a taƙaice, muna tafe. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko gangar tana nan, kuma ko za ta iya kai ta makaranta ranar al'adu, don bara da aka ce kowa ya kawo abin ƙasarsu, hula da zane kawai muka ba ta.

Na tambayi Baffa a daren, bayan sun yi barci, ko ya yi nadamar bari. Ya ce mutane na cewa ya tuba, shi kuma yana barin su a haka don an fi ganin girmansa. "Amma ba tuba na yi ba, Abba. Mahauta sun daina kira, 'yan biki sun koma fiyano, ga ƙanne a gabana. Yunwa ce ta kai ni Kwari."

Ban san maiɗakina ta ɗauki abin a waya ba sai da muka koma Kedah. Ta tura wa matar wani abokina, kafin la'asar ya shiga zauren WhatsApp na ɗaliban Arewa. Aka yi ta sa alamar dariya da ta wuta. Wani ya rubuta, "Malam, ashe Alhajin naku gwani ne, a ina ya iya haka?" Na rubuta cewa sha'awa ce kawai irin ta tsofaffi, na goge. Na yi sallar la'asar na dawo. Na rubuta, "Gado ne. Kakana makaɗin kalangu ne, sunansa aka sa mini." Mutum biyu suka sa alamar yatsa. Ɗaya ya biyo ni ta gefe ya ce shi ma kakarsa zabiya ce a Gusau, amma don Allah kada in faɗa. Sauran suka koma maganar kuɗin biza.

Mayafan Baffa sun isa Kano bayan wata biyu, ya ce sun karɓu. Kalangun kuma ya samo shi a ɗakin Inna, rataye a bayan ƙofa cikin buhu, ɓera ya cinye fatar baki ɗaya, tsarkiyoyin sun bushe sun kakkarye, icen ne kawai lafiya. Ya ce mutumin da ya sani mai ɗaure kalangu ya rasu, amma an kwatanta masa wani a wajen Wudil, zai je idan kasuwa ta lafa bayan Sallah. Ummi tana tambaya duk Juma'a idan mun kira gida.